Mahaifina Ya Ƙi Karɓar Jaje a Kaina

Assalamu alaikum Edita, ina gaida ka da masu karatu baki ɗaya. A lokacin da abin da zan ba da labarinsa ya faru, ni ce manajar reshen wani banki a nan Bauchi, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina sosai. 'Yar Ƙofar Wambai ce ni, a lungu na tashi, amma ga ni da ofis mai sanyi, da direba, da manyan 'yan kasuwar Wunti suna jira a waje sai na ce su shigo. Ni nake fara zuwa aiki, ni nake ƙarshen tashi. A gabana ma'aikata Madam suke ce mini, a bayan idona kuwa suna cewa kuskure aka yi, barikin Shadawanka ya kamata a kai ni in riƙa horar da sojoji. Maganar ta dawo kunnena, kuma wallahi daɗi ta yi mini.

Shigata aikin banki ba da sauƙi aka yi ta ba. Mahaifina ɗan kasuwar yadi ne, kuma yana karantar da magidanta a zaurensa bayan sallar asuba. Da na gama karatu aka ɗauke ni aikin, yayansa, wato Baffana, ya tada ƙayar baya. Ya ce banki ba wurin 'ya mace ba ne, kuma duk wanda ya daɗe yana juya kuɗin mutane wata rana sai ya jawo wa gidansu magana. Baba bai yi musu mai tsawo ba. Ya ce ya san abin da ya haifa kuma ya san abin da ya rena, idan na jawo abin kunya a zo wurinsa, shi zai ɗauka. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana. Ranar da zan fara aiki ya ce mini in je, ya riga ya ba da bakinsa a kaina. Da wannan maganar na yi ta aiki shekara da shekaru, ko biron banki ban taɓa kaiwa gida ba.

To, a aikinmu akwai wata doka da mutanen waje ba su cika saninta ba. Dole ne kowane babban ma'aikaci ya tafi hutunsa na shekara, ya miƙa makullin ɗakin ajiyar kuɗi, ya bar wani ya zauna a kujerarsa har ya dawo. Ba don tausayinsa aka yi dokar ba. Dalilin shi ne, mai yin almundahana a banki ba ya iya matsawa daga teburinsa, kullum sai ya lallaɓa abin da ya rufe, ranar da wani ya zauna a wurin kuwa asirinsa ya tonu. Na san dokar, har jarrabawa na ci a kanta. Amma a raina na ɗauka ta ɓarayi ce, ni ina ruwana. Sai in sa hannu cewa na tafi hutu, ran Litinin in ɓullo in ce mantuwa na yi zan ɗauka, in zauna har magariba. Makullina kuwa bai taɓa kwana a wata jaka ba sai tawa. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Mataimakina namiji ne, ya girme ni, mutumin kirki, amma kullum gani nake idan na ɗaga na mako biyu aka ga reshe na tafiya lafiya, za a ce ashe ko babu matar nan ma ana yi. Maigidana ya yi magana har ya gaji, ya koma yi mini ba'a cewa shi da bankin ne suka aure ni, kuma bankin ya fi shi rabo.

Ana cikin haka hedikwata ta sa sunana cikin waɗanda za a ƙara wa girma, in koma kula da rassa da yawa. Sai ga masu bincike daga hukumar da ke sa ido a kan bankuna sun iso, zuwan da suka saba yi lokaci zuwa lokaci. Shugabarsu wata dattijuwa ce Kirista daga kudancin jiharmu, furfura ta fara fito mata, tabarau na rataye a wuyanta da igiya, maganarta a hankali sai ka kasa kunne. Na sa aka sayo musu masa mai zafi da miyar taushe, ta yi godiya ta ce a mayar, a bakin aiki ko ruwan banki ba sa sha, ta ciro kularta daga jaka. Muna cikin duba takardu sai ta tambaye ni, kamar hira, yaushe rabona da in bar ofis ɗin nan gaba ɗaya. Ni kuwa na gyara zama, na ce ai tunda na zama manaja ban taɓa ba, ko hutu na ɗauka ina nan, ko zazzaɓi nake yi ina nan, ta tambayi maigadi ma zai faɗa mata. Da bakina na faɗa, ina murmushi, ina jiran yabo. Matar nan ta rufe bironta, ta cire tabarau, ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da ya zo yana nuna wa mutane ashanar da yake wasa da ita. Ta ce in yi haƙuri, amma wannan maganar da na yi ba ta da ikon yin kamar ba ta ji ba.

Kafin azahar ta yi magana da hedikwatarmu, umarni ya zo cewa in tafi hutun dole nan take, a binciki duk abin da ya bi ta hannuna tun daga ranar da na hau kujerar. Aka ce kada in tako harabar bankin, kada in kira wani ma'aikaci a waya, kuma kada in tattauna binciken da kowa, ko a gida. A gaban kashiyoyi da masinja na zuge jaka na ciro makullin na miƙa wa mataimakina. Shi ma bawan Allah ya kasa haɗa ido da ni. Ban fita salin-alin ba, sai da na gaya wa dattijuwar nan magana. Na ce mace ce ita amma ta rasa wanda za ta tozarta sai 'yar'uwarta mace, ga ɓarayi can suna yawo da manyan motoci. Ta ce dai Allah ya huci zuciyata. Motar ofis ta tsaya a ofis. Da rana tsaka na tsaya bakin titi da takalmi mai tsini ina tare keke mai ƙafa uku, kwastomomina na wucewa suna kallona.

Bauchi kuwa ba ta riƙe magana. Kafin Juma'a labari ya gama Wunti cewa an kama manajar nan. Wasu suka ce da ankwa aka fito da ni, wasu suka ce an gano gidaje na a Abuja, ni da ko fili ban mallaka a can ba. Sai aka fara zuwa mini jaje. Goggona ce ta fara, ta shigo da mayafi har ƙasa, ta zauna a tabarma ta yi tagumi, ta ce ya muka ji da wannan abu, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya rufa asiri. Bayanta maƙwabta, bayansu matan abokan maigidana, rukuni-rukuni kamar an yi mini gobara. Nan na gane irin tarkon da nake ciki. Idan na amsa da amin na gode, na yarda ke nan cewa wani abu ya faru. Idan na ce ba komai, za su tambayi to me ya zaunar da ni a gida, ni kuma an ɗaure mini baki. Haka nan nake zama ina ba su ruwa, ina cewa amin a ciki-ciki, in sun tafi in shiga ɗaki in yi kuka don takaici. Ni da ake jin tsoron takuna, na koma abar tausayi.

Abin da ya faru a gidanmu na Ƙofar Wambai kuwa, ƙanwata ce ta zo ta ba ni labari. Baffa ya tattaro dattawan dangi da wasu na unguwa suka je zauren Baba bayan la'asar. Aka gaisa, Baffa ya fara cewa sun zo ne su jajanta abin da ya sami yarinyar nan, har an fara ɗaga hannu za a yi addu'a. Sai Baba ya tambaya jajen me. Ya ce shi dai a saninsa ba a yi masa mutuwa ba, ba a yi masa sata ba, gidansa bai ƙone ba, saboda haka ba shi da jajen da zai karɓa. Ya ce su koma, idan an gama bincike aka ce Uwata ta ci amanar mutane, shi da kansa zai shimfiɗa tabarma ya aika a kira su, ya karɓi jaje har da na tarbiyyar da ya yi ta banza. Idan kuma aka ce ba ta ci ba, to yana bin kowannensu barka, kuma a wannan zauren zai karɓa. Duk wanda ya san garinmu ya san ba a mayar da jaje, balle na yayanka, balle a gaban mutane. Baffa ya kaɗe rigarsa ya fita bai yi sallama ba. Kuma duk wannan abin Baba bai aiko ya tambaye ni ko na yi ko ban yi ba.

Da na ji, maimakon in yi murna sai tsoro ya kama ni. Na san ban ɗauki kwabon kowa ba, wannan ko a gaban alƙali zan dafa Alƙur'ani. Amma ban san ko na taɓa yin kuskure ba. Shekaru ina sa hannu a takardu ni kaɗai, babu wanda ya taɓa zama a kujerata ya ga abin da idona ya tsallake, kuma ni na hana. Idan wani yaro a ƙarƙashina ya yi wata ɓarna ya lulluɓe da sa hannuna fa? A takarda ba za a rubuta cewa Madam mutuniyar kirki ce ba, za a rubuta cewa an sami matsala a reshenta, kuma a Wunti wannan da sata duk ɗaya ne. Tsoho ya ɗauki mutuncin da ya tara tun kafin a haife ni ya ɗora a kan aikin da ni kaina ba zan iya rantsuwa a kansa ba.

Washegari da hantsi na tafi gidan, da niyyar in roƙe shi ya sassauta, ya aika wa Baffa a ba shi haƙuri tun kafin sakamako ya fito. Na ratsa lungu mata na leƙe ta ƙofa. Na same shi a zaure shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na fara magana, ya ɗaga mini hannu. Ya ce ba an hana ni magana a kan abin ba? To in kiyaye dokar mutane. Sai ya miƙo mini wani littafi ya ce in karanta masa, rubutun ya yi masa ƙanana. A ranar na san cewa idon Baba ya yi rauni har ya daina zuwa shago, yara ne ke kula da shagon. Ni na biya kuɗin asibitin da aka kai shi, direba na aika da su, amma ban taɓa zama na tambayi yadda aka ƙare ba. Na lura hannunsa na rawa in zai ɗaga kofi, na lura abinci kaɗan yake ci, sai an dama masa kunu. Daga ranar kullum da safe ina can. In karanta masa, in yanke masa farce, ya ba ni labarin yadda suke zuwa fatauci da ƙuruciya, wani lokaci ya yi barci ina zaune ina kore masa ƙuda. Ko sau ɗaya bai ɗauko zancen banki ba. Ni kuwa duk sallamar da aka yi a ƙofa sai in ɗauka sakamakon binciken ne ya iso.

Bayan wasu makonni aka kira ni. Dattijuwar nan ce a ofishina, a kujerar baƙi, ta bar tawa babu kowa. Ta ce sun juya reshen ciki da waje, sun bi duk abin da na taɓa sa wa hannu, ba su sami kwabo ɗaya da ya yi ɓatan kai ba, kuma a shekarunta na wannan aiki ba kasafai take faɗin haka ba. Na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Amma ta ce ba ta gama ba. Sun tarar mataimakina, duk da shekarunsa a wurin, akwai ayyukan manaja da bai taɓa yi da hannunsa ba, makon farko reshen da ƙyar ya tafi. Sun kuma tsinci 'yan kurakurai ƙanana da suka daɗe a kwance, waɗanda da na taɓa matsawa da tuni wani ya gyara. Saboda haka za a ba ni takardar gargaɗi, kuma ƙarin girman bana ya wuce ni. Ta ce ta san abin da ya hana ni tafiya hutu, don ita ma ta taɓa zama mace ɗaya a cikin maza, amma doka ba ta iya leƙa zuciyar mutum, ɓarawo da mai tsoron a ƙwace masa kujera iri ɗaya suke zama a ofis. Na ba ta haƙuri a kan maganar da na gaya mata, ta yi dariya ta ce an gaya mata waɗanda suka fi wannan. Da zan fita ta ce duk wanda aka yi wa irin wannan tankaɗe da rairaya ya fita, irinsa suke nema a wajensu, in riƙe maganar a raina.

Daga bankin ban biya gidana ba, Ƙofar Wambai na nufa. Na gaya wa Baba komai, har da gargaɗin da ƙarin girman da na rasa. Ya ce wannan tsakanina da masu aikina ne, shi abu ɗaya ya tsaya a kai. Ya sa aka zagaya gida-gida aka gaya wa duk wanda ya zo jaje cewa ana jiransa ran Juma'a bayan an sauko. Aka soya masa kwano-kwano, zaure ya cika har waje. Baffa ya zo, kuma in ba shi haƙƙinsa, shi ya fara yin barka, ya ce ƙaninsa ya fi shi sanin 'yarsa. Goggo ta rangaɗa guɗa a cikin gida kamar ba ita ce ta yi mini tagumi ba. Ina bayan ƙyaure ina jin muryar Baba yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba ya gaggawa. A rayuwata an ba ni lambobin yabo a manyan ɗakunan taro, amma babu wanda ya kai wannan yammacin a wurina.

Da mutane suka watse na shiga in yi masa sallama, na ce ran Litinin zan koma aiki. Ya ce to, Allah ya taimaka. Har na miƙe sai ya ce Uwata, maganganun mutane ba su taɓa hana shi barci ba, don bai taɓa shakka ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, sai da hukuma ta kore ni daga ofis da ƙarfi sannan ya sami ganin fuskata da hasken rana. Ya ce in masu binciken nan za su dawo baɗi, shi ba zai ƙi ba. Da murmushi ya faɗa, amma ni ban iya mayar masa da murmushin ba.

Bayan 'yan shekaru na nemi aiki a hukumar nan, aka ɗauke ni, na yi ta hawa har na zama ina jagorantar masu bincike zuwa manyan bankuna, inda shugabanninsu ke miƙewa tsaye in na shigo. Duk inda na je, bayan gaisuwa, tambayata ta farko ita ce yaushe rabon manaja da hutu. Da wannan tambayar na taɓa kama wani da ya daɗe yana yi wa asusun marayu illa, mutumin da kowa ke yabo don ba ya fashin aiki. Da ita kuma na tura masu gaskiya da yawa gida suna zagina a zuci, ban ji haushinsu ba don na san abin da suke ji. Hutuna kuwa ban ƙara yin wasa da shi ba. Ina miƙa makulli in kashe waya in taho Bauchi, kuma kowace safiya a zauren nan take same ni, har shekarar da Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ina alfahari da aikin da na yi, kuma ina alfahari cewa an bincike ni ciki da bai an rasa abin kamawa. Amma ina kira ga ƙannena da 'ya'yana da ke wannan aiki, musamman mata masu jin cewa in sun ɗaga za a manta da su. Gaskiyarku ba ta isa ba in kun toshe hanyar da za a tabbatar da ita, kuma ba ku kaɗai kuke ɗauke da sunanku ba, akwai wanda ya ba da bakinsa a kanku. Ku koya wa na ƙasa da ku aiki, ku bar su su zauna a kujerar. Na bar tawa na dawo na same ta inda take, ba wanda ya ɗauke. Zauren ma yana nan, har yanzu nakan bi ta lungun in leƙa, sai dai babu mai miƙo mini littafi. In lokacin hutunku ya yi, ku miƙa makulli ku tafi gida tun akwai wanda zai amsa muku sallama.